Tambaya da amsa: Yadda Kurt Masur ya tashi daga Jamus ta Gabas har ya shugabanci makaɗan New York

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli wani tsohon bidiyo na ƙungiyar makaɗan birnin New York, sai na ga wani dattijo mai farin gemu a tsaye gabansu yana ta kaɗa hannu, ba ya riƙe da komai. An rubuta sunansa Kurt Masur, wai Bajamushe ne daga ɓangaren 'yan gurguzu. Mene ne ainihin aikinsa tunda ba ya kiɗa? Kuma ta yaya mutumin Jamus ta Gabas ya samu irin wannan muƙami a Amurka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta farkon, don ita ce mai sauƙi. Ƙungiyar da ka gani ana ce mata okestra, kuma takan kai mutum tamanin zuwa ɗari: masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna. Kowa da takardar kiɗansa a gabansa, amma takarda ba ta faɗin komai da komai. Wani ne zai yanke saurin kiɗan, ya nuna wa zai shigo yanzu, ya danne masu ƙaho idan sun fara rufe masu goge. Wannan shi ne jagora. Abin da ka gani a bidiyo kuwa ƙarshen aiki ne, domin yawancinsa an gama shi a kwanakin gwaji, lokacin da zauren babu kowa sai shi da makaɗa, yana tsayar da su yana cewa a sake. Rashin sanda kuma ba al'ada ba ce. Galibin jagorori suna riƙe 'yar siririyar sanda, shi dai Masur da hannu kawai aka san shi.

Ta biyun ce ke buƙatar zama. Mutane da yawa za su ce maka siyasar 1989 ce ta kai shi New York. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban yarda ita ce tushe ba. Tushen yana cikin shekaru arba'in da ya yi kafin nan.

An haife shi a 1927 a garin Brieg, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland da sunan Brzeg. Ya yi karatun kiɗa a Leipzig bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1948 ya kama aiki a gidan wasa na garin Halle. Aikin da ya fara da shi ba na tsayawa gaban jama'a ba ne. Zama yake yi a gaban fiyano a ƙaramin ɗaki, mawaƙi ɗaya ko biyu na gefensa, yana koya musu waƙoƙinsu layi-layi har su haddace. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi gaba ɗaya da waƙa, don haka mai wannan aiki yakan san inda kowane mawaƙi ke jan numfashi, da inda muryarsa ke gajiya, da inda yakan manta. Daga nan sai a fara ba shi jagorancin wasan da babban jagora ya gaji da shi, wani lokaci ba tare da gwaji ko ɗaya ba.

Wannan tsani ne da Jamusawa suka daɗe da shi, kuma abin da ya sa yake yiwuwa shi ne ƙasar na da gidajen opera kusan tamanin, waɗanda gwamnatocin jihohi da birane ke ɗaukar nauyinsu. Ko matsakaicin gari yana da nasa. Masur ya taka matakan ɗaya bayan ɗaya: Halle, sai Erfurt a 1951, sai gidan opera na Leipzig a 1953, sai okestra ta Dresden a 1955, sai Schwerin a 1958. A 1960 ya koma gidan Komische Oper na Berlin ta Gabas, inda ya yi shekara huɗu tare da Walter Felsenstein, daraktan da ya yi suna wajen doguwar gwaji da matsa wa mawaƙa su yi wasan kwaikwayo na gaske, ba su tsaya ƙiƙam suna rerawa ba.

Ka duba wahalar jagorantar opera. Makaɗa suna cikin wani rami a gaban dandamali, mawaƙa suna sama suna yawo, wani ya juya baya, wata tana kwance tana rera waƙar mutuwa. Idan mawaƙiya ta tsallake layi biyu, jagora ne zai jawo mutum sittin su cim mata cikin ƙiftawar ido ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Wanda ya yi shekaru masu yawa a wannan rami, okestra da ke zaune gabansa a fili ba za ta tsorata shi ba.

Ya sake riƙe okestra ta Dresden daga 1967 zuwa 1972, kuma yana kan haka ne babban aikin rayuwarsa ya zo a 1970, lokacin da aka naɗa shi shugaban okestra ta Gewandhaus a Leipzig. Sunan na nufin gidan tufafi, don a ginin 'yan kasuwar yadi ƙungiyar ta samu zaurenta na farko a 1781. Felix Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗa, ya taɓa riƙe kujerar tun 1835. Masur ya zauna a kanta shekara 26. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe zauren da ƙungiyar ke amfani da shi a lokacin, Masur ne ya yi ta matsa wa gwamnatin gurguzu har aka gina sabo aka buɗe a 1981. Gwamnatin kuma tana son a ga okestrar a waje, saboda suna da kuɗin ƙasashen Yamma da take kawowa, don haka Masur ya samu damar fita da talakan ƙasar ba ya samu. Tun 1974 yake zuwa Amurka, kuma ya fara jagorantar makaɗan New York a matsayin baƙo a 1981. Ka ga ke nan sun san shi shekara goma kafin su ɗauke shi. A nan dole a faɗi gaskiya: ba ɗan adawa ba ne a waɗannan shekaru. Mutum ne da ya iya zama da hukuma, ya ci moriyarta, ita ma ta ci tasa.

Sai ranar Litinin 9 ga Oktoba 1989. Mutum kusan dubu saba'in suka fito zanga-zangar adawa da gwamnati a Leipzig, 'yan sanda da dakaru sun cika gari, kowa na tuna yadda sojojin ƙasar Sin suka murƙushe masu zanga-zangar dandalin Tiananmen wata huɗu kafin nan. Masur da wasu mutum biyar, cikinsu har da jami'an jam'iyya mai mulki uku, suka rubuta gajeren kira na a guji tashin hankali a zauna a tattauna. Shi ya karanta, aka watsa muryarsa ta lasifikokin kan titi. Ba a harba harsashi ba a daren, bayan wata guda kuma katangar Berlin ta faɗi. Ba shi kaɗai ya hana zubar da jini ba, amma sunansa ya zaga duniya.

A 1991 ya gaji Zubin Mehta a New York. Abin da ƙungiyar ke nema a lokacin shi ne mai horo, domin ana yi mata kallon makaɗa gwanaye masu taurin kai. Ya kawo musu gwaji mai tsanani da kiɗan da ya fi ƙwarewa a kai, na Beethoven da Brahms da Mendelssohn da Bruckner, kuma masu sharhi sun yarda sautin ƙungiyar ya gyaru a hannunsa. Bai tsaya nan ba, a 1999 ya jagoranci fitowar farko ta wani babban aiki na Wynton Marsalis, makaɗin jaz. Kwana tara bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya jagoranci kiɗan makoki na Brahms domin waɗanda suka rasu. Zaman bai rasa rikici ba. Ya saba da tsarin Leipzig inda jagora ke da wuƙa da nama, a New York kuwa akwai hukumar gudanarwa da masu ba da kuɗi, kuma sun yi ta sa-in-sa har ya bar kujerar a 2002, ba da son ransa ba.

Kafin nan ma ya riga ya karɓi okestra ta London Philharmonic a 2000, ya riƙe ta zuwa 2007, ya haɗa da okestra ta ƙasar Faransa daga 2002 zuwa 2008, yana da shekara tamanin da ɗoriya lokacin da ya sauka. A 2012 ya faɗo daga kan dandamali ana tsakiyar wasa a birnin Paris, a shekarar ne kuma ya sanar cewa yana fama da ciwon rawar jiki na Parkinson. Ya ci gaba da jagoranci da koyar da matasa na ɗan lokaci. Ya rasu a Amurka ranar 19 ga Disamba 2015 yana da shekara 88, aka kai gawarsa Leipzig aka binne.