Na sabunta wayata, caji ya daina zama: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Sana'ar POS nake yi a Funtua. Wayata Android ce mai layi biyu, ta haura shekara biyu a hannuna. A da idan na cika ta da safe tana kai ni bayan Isha. Makon jiya ta nemi in sabunta manhajarta, na yarda. Tun daga ranar ko La'asar ba ta kaiwa, ga zafi ko tana aljihu. Wani ya ce in kunna tsimin batir in bar shi haka, na kunna, sai alat ɗin manhajar banki da saƙon WhatsApp suka koma zuwa a makare, har nakan tsayar da kwastoma ina jira. Abokina ya ce da gangan kamfanoni ke kashe tsofaffin wayoyi don a sayi sababbi. Gaskiya ne? Kuma za a iya dawo mini da tsohuwar manhajar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka kai wayar a yi mata filashin tukuna, kada kuma ka sayi sabuwa. Ka fara gano inda cajin yake tafiya, domin maganin kowane dalili daban ne, kuma tsimin batir ba ya cikin magungunan.

Duk wayar da aka yi wa babbar sabuntawa tana shan caji fiye da kima a kwanakin farko. Wannan ba lalacewa ba ce. Android tana ajiye kowace manhaja a wata siga da ta riga ta tace domin injin wayar ya gudanar da ita da sauri ba tare da wahala ba. Idan tsarin ya canza, yawancin wannan tacewar ta tashi aiki, sai an sake ta manhaja bayan manhaja. A lokaci guda Play Store na sauke sababbin nau'o'in manhajojinka, ma'ajiyar hotuna na sake bin hotunanka ɗaya bayan ɗaya, tsarin da ke koyon waɗanne manhajoji kake yawan buɗewa, wanda ya shigo da Android 9 a 2018, shi ma yana sake karantar halinka. Kamar jeren ɗakin amarya ne: kaya sun iso, amma sai an yi kwanaki ana ɗagawa ana saukewa kafin kowane abu ya zauna a mazauninsa. Apple ma ta faɗi haka a fili lokacin da ta fitar da iOS 26, tsarin wayoyin iPhone, a Satumban 2025, cewa bayan babbar sabuntawa waya kan ɗan yi zafi ta kuma ci batir na ɗan lokaci.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu fiye da mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Android ba ta yin babban ɓangaren wannan aikin sai ta ga sharaɗi biyu sun cika: wayar tana kan caji, kuma an ajiye ta ba a taɓa ta. Wanda ke kwana da waya a jikin soket, cikin dare ɗaya ko biyu an gama. Kai kuwa da kake jona fawa bank kana ci gaba da aiki, ko wanda ke kashe waya ya miƙa wa mai caji na awa biyu, aikin na iya jan ƙafa kwana da kwanaki, manhajoji na ta gudana a sigar da ta fi cin ƙarfi. Don haka matakin farko mai sauƙi ne. Ka bar ta a kunne, ka jona ta, ka cire mata riga saboda zafi, ka ajiye ta ta kwana a haka dare biyu. Sola ko fawa bank mai ƙarfi ma sun wadatar. Da safe ka kashe ta ka sake kunnawa.

Idan bayan wannan ba ta dawo hayyacinta ba, to ba jere ba ne kuma, sai bincike. Shiga saitin, ka buɗe sashen batir, ka duba jerin manhajojin da suka ci cajin. Yawancin mutane suna kallon wadda ke sama su ɗora mata laifi, kuma kuskure ne. Idan TikTok ta ci kashi 30 bayan ka yi awa biyu kana kallo, ba ta yi sata ba, abin da ka saya ta ba ka. Abin nema shi ne manhajar da ba ka buɗe ba, ko ka buɗe na minti biyar, amma an rubuta ta yi awanni tana aiki a ɓoye. Ita ce ɓarauniyar. Ka sabunta ta daga Play Store, in ba ta daina ba ka taƙaita mata aikin ɓoye, in kuma ba dole ba ce ka goge ta. Waɗanda na fi zargi su ne manhajojin da aka tura ta Xender ko aka sauke daga wani shafi, irin su GB WhatsApp da VPN na kyauta. Tsarin wayar ya yi gaba, su suna nan a tsohuwar sigarsu tunda babu mai sabunta su, sai su yi ta faɗuwa suna tashi ba tare da ka sani ba. Kashedi guda: wajen share tarkacen manhaja, maɓallin tarkace daban, na goge bayanai daban. Idan ka danna na biyun a WhatsApp ko manhajar banki, za ka koma rajista daga farko.

Gwajin da na fi yarda da shi kyauta ne, barci kawai yake buƙata. Ka cire wayar daga caji kafin ka kwanta, ka rubuta kason da take, ka duba da Asuba. A ƙiyasina, lafiyayyiyar waya ba ta wuce ta sauke kashi biyar ko shida ba. Idan ta zubar da goma sha biyar ko fiye, wani abu bai yi barci ba. Dare na gaba ka maimaita, amma ka danna alamar jirgin sama. Idan zubar ta tsaya, matsalar tana wajen sabis ko wata manhaja mai jan data. Idan ba ta tsaya ba, ka kunna wayar a yanayin da ake kira Safe mode, wanda ke hana duk manhajar da kai ka saka tashi, ka sake kwana. Ta gyaru a nan, manhaja ce. Ba ta gyaru ba, ido ya koma kan batirin kansa ko kuma kuskure a cikin sabuntawar.

Batun sabis ya cancanci a tsaya a kansa, tunda layi biyu gare ka. Waya tana ƙara ƙarfin da take aika sigina ne gwargwadon nisan turken sadarwa ko raunin sabis, kuma kowane layi da nasa neman. Layin da ke sanda ɗaya duk yini yana cin caji ko ba ka kira kowa da shi ba. Wani lokaci kuma sabuntawa kan mayar da zaɓin netwok zuwa 5G. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, amma a manyan birane ya fi samuwa, don haka in wayarka na da shi kuma babu shi a inda kake zaune, ka tsayar da ita a 4G. Ka leƙa saitin fuskar waya ma, ko an mayar da saurin motsinta 90 ko 120 maimakon 60, ko an kunna agogon nan da ke haskawa ko waya na kulle. Fuska ce ta fi komai cin batir a yawancin wayoyi, balle ga mai aiki a rana da haske a ƙure.

Yanzu tsimin batir. Wanda ya ba ka shawarar bai cuce ka ba, sai dai bai faɗa maka farashin ba. Abin da wannan maɓalli ke yi shi ne rage wa waya aiki. A Samsung, misali, yana iya tsayar da injin a kashi 70 na saurinsa, ya rage haske da kashi 10, ya kashe 5G. A kusan kowace waya yana hana manhajoji jan data idan ba a buɗe suke ba. To manhajar bankinka ma manhaja ce. An kwantar da ita, sanarwarta sai ta jira lokacin da tsarin ya ɗan buɗe ƙofa, ko lokacin da ka kunna fuskar. Dama tun Android 6 a 2015 akwai tsarin Doze da ke yin irin wannan idan waya ta daɗe a ajiye, tsimin batir ya ƙara tsananta shi ne kawai. Shi ya sa alat na tes ke shigowa a kan lokaci, na manhaja ya makara: tes ba ta hanyar data yake bi ba.

Barin sa a kunne ba ya lalata batir ko kaɗan. Amma ga mai sana'a irin taka ba a yi shi don yini guda ba. Dubi iPhone: sai caji ya sauka kashi 20 take tambaya ko a kunna, kuma da ya hau 80 take kashe shi da kanta. Haka ya kamata ka yi, ka saita shi ya riƙa kunna kansa a kashi 20 ko 30. Sannan ka shiga bayanin manhajar banki, da WhatsApp, da manhajar kiran salla in kana da ita, ka cire musu takunkumin batir. A Samsung akwai jerin manhajojin da ba a sa su barci, ka saka su ciki. A Tecno da Infinix ka ba su izinin tashi da kansu, domin tsarinsu, HiOS da XOS, suna da zafin hannu wajen kashe abin da ke aiki a ɓoye. Yanayin tsimi mai tsanani, wanda ke barin kira da tes kawai, na tafiya ne ko ranar da wuta ta yi nisa. Ko da an gyara duk wannan, kada ka miƙa kuɗi saboda ƙarar sanarwa. Buɗe manhajar ka ga kuɗin sun zauna a asusu.

Manhajojin da ke alkawarin sanyaya waya ko ninka caji, goge su. Talla suke nuna maka, tallar kuma caji da data take ci. Tun Android 14 ma an hana wata manhaja kashe aikin wata. Yawan share manhajojin da ka buɗe shi ma ba tsimi ba ne, tayar da su daga farko ya fi tsada. Baƙin launi kuwa a fuskar AMOLED kaɗai yake rage cin batir.

Maganar abokinka tana da tushe. A Disambar 2017 Apple ta amsa cewa wata sabuntawa tana rage saurin tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Ba ta sanar da mutane tun farko ba, aka yi ca a kanta, ta sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018, Faransa kuma ta ci ta tarar yuro miliyan 25 a 2020. A Janairun 2025 Google ta tura wa wayarta Pixel 4a sabuntawar da ta rage yawan cajin da wasu batiran ke ɗauka, saboda gudun su yi zafi fiye da kima, ta kuma ba masu su zaɓin canjin batir ko diyya. Amma lura, duka biyun a kan batirin da ya tsufa ko yake da matsala aka yi su. Abin da ya fi yawa shi ne kuskure marar niyya. iOS 15.4 ta zo da zubar caji a Maris 2022, kafin watan ya ƙare aka fitar da 15.4.1 aka rubuta a jikinta cewa ta gyara shi. Don haka idan wata ƙaramar sabuntawa ta biyo baya, karɓe ta, wataƙila maganinka ne.

Ni dai da za a ce in yi hasashe, rabin matsalarka shekarun batirin ne, sabuntawar ta tona asiri kawai. Batirin litiyam yana raguwa da kowane zagayen caji. Apple ta ce na iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken zagaye 500. Mai cika waya kullum ya wuce 700 a shekara biyu. Batirin da aka rubuta wa ƙarfin 5,000 mAh ke nan yana iya komawa kusan 4,000 ko ƙasa. Ƙara da zafi: sama da digiri 35 yana rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa, mu kuwa a Afrilu da Mayu ana haura 40 a inuwa, balle cikin kes ɗin kwano, waya na jone tana kuma raba wa na'urar POS data. Alamun gajiyayyen batir ba sa ɓuya: ya faɗo daga 30 zuwa 5 cikin mintuna, ko waya ta mutu da sauran caji, ko ta cika da wuri ta sauka da wuri. Manhajar Samsung Members tana gwada lafiyarsa, masu Tecno da Infinix da itel kuma cibiyar gyaran kamfaninsu, Carlcare, za ta duba musu. Idan bayan wayar ya fara ɗagowa ko fuskar ta turo, batir ya kumbura, ka daina jona ta a ranar.

Dawo da tsohuwar manhaja ban ba ka shawara ba. Wasu wayoyin ma ba sa yarda a koma baya, inda ya yiwu kuma sai an goge komai, ka rasa gyaran tsaron da sabuwar ta kawo, kuma wasu manhajojin banki kan ƙi buɗewa a wayar da aka ɓalle wa makullin tsari. Ga wayar da kuɗin mutane ke bi ta cikinta, kasadar ta fi ribar yawa. Idan gwajin dare ya nuna ba manhaja ba ce, ba sabis ba ne, batirin kuma lafiya lau, sai ka adana lambobi da hotuna da hirarrakin WhatsApp, ka tabbatar kana tuna kalmar sirrin Gmail ɗinka, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan kuma batirin ne, canza shi ya fi sayen waya arha nesa ba kusa ba. Ka nemi na asali a cibiyar kamfanin, in a kasuwa ne ka sa mai gyaran ya ba ka garanti ko na wata ɗaya, kada kuma ka ruɗu da babbar lambar da aka buga a jikin batir, domin na jabu sun fi kowa iya rubuta ta.