Ki ɗaga fitilar sama, ki bar musu dare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin sayi fitilar shuka irin ta LED saboda daddoya da tumatir ɗin da kika shuka a tukwane cikin ɗaki, kina barinta a kunne dare da rana don su yi saurin girma, ga shi kuma ganyen sama sun fara koɗewa, bakinsu na bushewa yana nannaɗewa. Kina son sanin ko haske na yi wa shuka yawa, ko kuwa taki ne ya gaza. Eh, yana yi mata yawa, kuma abin da kika siffanta shi ne sak. Kada ki ƙara taki tukuna.

Ni ma na faɗa wannan ramin, a hunturuna na biyu a Manchester. A watan Disamba a nan yini ba ya cika awa 8, kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga, ga hadari kullum a sama. Daddoyar da na ajiye a bakin taga ta yi dogon wuya, siririya kamar tsinken tsintsiya, tana kwantowa wajen gilashi. Sai na sayi fitila mai wat 45, na rataye ta tazarar tafin hannu ɗaya daga kan ganyen, na ce tunda yunwar haske ke damunta bari in ƙosar da ita. Ko da daddare ban kashewa, har maigida ya ce kicin ɗinmu ya koma shagon tela daren Sallah. Sati na farko abin gwanin sha'awa, ganye ya yi kore shar, ina ta ɗaukar hoto ina tura wa 'yan gida. Ana shiga sati na uku labari ya sha bamban. Ganye huɗu na can ƙoli suka yi fari-fari kamar atamfar da ta daɗe a shanya, gefensu ya lanƙwaso sama kamar kwale-kwale, in ka taɓa bakin sai ya marmashe. Na ƙasa kuwa, waɗanda inuwar 'yan'uwansu ta rufe, lafiyarsu ƙalau. Ni da ban gane ba na ɗauka ƙishirwa ce, na riƙa ɗura ruwa safe da yamma har saiwar guda biyu ta ruɓe. Garin neman ƙiba na samo rama.

A nan dabarar ganewa take: ki duba daga ina lalacewar ta faro. In ƙarancin taki ne, musamman naitirojin, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, don shuka na kwashe abin da ke cikinsu ta kai wa sababbi. In haske ne ya yi yawa, na sama mafi kusa da fitila su ke fara shan wuya. Kina iya ganin shukar ta dunƙule, tsakanin ganye da ganye ya matse, sabon ganye ya fito ƙarami mai kauri. Alobera kuwa ja-ja take komawa ko ruwan ƙasa.

Dalilin kuwa shi ne ganye yana da iyakar hasken da zai iya sarrafawa ya zama abinci. Kamar injin markaɗe ne, in kika zuba masa fiye da ƙarfinsa ba zai ƙara sauri ba, shaƙewa zai yi. Hasken da ya yi rara ba wucewa yake yi salin alin ba, koren sinadarin da ke cikin ganyen yake lalatawa, shi ya sa kika ga koɗewar. Wani zai ce ai ranar Kano ta fi kowace fitila ƙarfi, kuma tumatir na tsayawa a cikinta. Gaskiya ne, a ma'aunin ƙarfin haske da ake kira laks, rana tsaka tana kaiwa 100,000, ɗakin zama kuwa da ƙyar ya wuce 500. Amma tumatir ɗin Kadawa a cikin rana ya tsiro, ganyensa ya ginu a kan haka, ga iska na kaɗa shi, ranar na tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma magariba na yi ya huta. Naki a inuwar ɗaki ya tashi da ganye mai laushi, rana ɗaya aka ɗora masa fitila a ka, wuri ɗaya, ba motsi ba faɗuwa.

Maganar zafi ma a yi ta. Mutane na cewa ki sa bayan hannunki a daidai kan ganyen na rabin minti, in kin ji zafi to fitilar ta yi kusa. Gwajin na da amfani, amma da LED yana yaudara, don ba ta zafi kamar tsohon ƙwan fitila, kuma tana iya koɗar da ganye hannunki bai ji komai ba. Tazara ita ce magani mafi araha. Ƙaramin ƙwai guda ɗaya, in kika ninka nisansa, hasken da ke sauka kan ganye na komawa wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Faffaɗar fitila ba ta raguwa da sauri haka, amma dai ɗan ɗagawa na kawo bambanci mai yawa. Tawa na mayar da ita santimita 40, da ganyen ya saba na sauko da ita zuwa 30, a nan take har yau.

Sai dai abin da ya fi damuna a tambayarki ba kusancin ba ne, awa 24 ɗin ne. Tumatir na cikin shukokin da aka daɗe da sanin ba sa jure haske marar yankewa. Ko fitilar ba ta da ƙarfi sosai, in ba a ba shi duhu ba, ganyensa na yin dabbare-dabbaren rawaya tsakanin jijiyoyi, daga baya ya bushe. Da rana ganye na tara sitaci, da daddare yake sauke shi ya aika wa saiwa da sabon toho. Alobera ma da irinta da daddare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iskar da za su yi aiki da ita washegari.

Abin da ya buɗe mini ido sosai yakuwa ce. Wata baiwar Allah ta ba ni iri, na shuka guda uku ina kwaɗayin in ga zoɓo ya fito a ƙasar Turawa. Lokacin na rage fitilar zuwa awa 16, ina ganin na waye. Suka yi tsawo har suka kusa taɓo fitilar, ganye ya wadata, mun yi fate da shi ya fi sau biyar, amma fure ko ɗaya. Da nake ba mahaifiyata labari a waya sai ta yi dariya ta ce, ke yakuwa ai sai kaka ta gabato take fure, ko yaushe aka shuka ta. Ashe dogon dare take jira. Haka dawar gida irin su kaura da farafara suke, da waken gargajiya. Manomanmu sun san da wannan tun kaka da kakanni. Masana biyu a ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka rubuta bayaninsa a 1920, bayan sun yi ta fama da wata taba mai suna Maryland Mammoth da ta ƙi fure duk bazara sai da yini ya gajarta. Daga baya aka gano tsawon daren ne shukar ke aunawa, har ma ɗan haske a tsakiyar dare na iya hana irin waɗannan fure. A Kano yini ba ya gaza awa 11, ba ya kai 13, shekara ta zagayo. Kin ga iri da ya fito daga can bai taɓa sanin yini mai awa 16 ba, balle 24. Da na mayar da yakuwar awa 11, na kuma daina kunna wutar kicin a kanta in na tashi shan ruwa, sai ga 'yan kawunan fure a hammatar ganye bayan wasu makonni. Zoɓon bai cika kofi ba, amma na sha.

Don haka ga abin da zan yi in ni ce ke. Yau ɗin nan ki ɗaga fitilar zuwa santimita 40 ko 45. Ki sayi taima, wato 'yar na'urar da ke kunna fitila ta kashe ta a lokacin da kika saita, irin wadda ake sokawa a soket, ba ta da tsada. Kada ki dogara da cewa za ki tuna, ba za ki tuna ba. Daddoya, na'ana'a da tumatir ki ba su awa 14, su samu 10 na duhu, kuma lokacin ya zama ɗaya kullum. Tawa na kunna kanta ƙarfe 6 na safe ta mutu 8 na dare. In kina da furannin ado masu son inuwa, ki janye su gefe inda hasken ke zuwa a karkace, awa 10 zuwa 12 ta ishe su. Aljihunki ma zai sarara: fitila mai wat 45 a awa 24 ta haura yunit ɗaya a rana, a awa 14 kuwa kaɗan ta ɗara rabin yunit.

Ganyen da ya riga ya koɗe ba zai dawo kore ba, kada ki zauna kina jiransa. Wanda ya bushe ƙayau ki tsinke, wanda ke da sauran kore ki bar shi yana ɗan aiki. Sabon tohon da zai fito cikin kwana 10 zuwa sati biyu shi za ki zuba wa ido. In ya fito kore, shimfiɗe, kin dace. In kika ga kara ya fara miƙewa siriri, ganye na nisa da juna, kin ɗaga da yawa, sai ki sauko da santimita 5 ki sake jira. Ruwa kuma kada ki zuba sai kin cusa yatsa kin ji ƙasar ta bushe zuwa gaɓar farko, don in kika rage haske shan ruwansu ma raguwa zai yi.

Ki turo hoton tumatir ɗin daga gefe, yadda fitilar za ta fito a ciki, da adadin wat ɗin da ke rubuce a kwalinta. Ina so in ga ko rawayan a ƙoli kaɗai yake ko ya sauko tsakiya.