Shugaban ƙasa na iya dambe da 'yan garkuwa kamar a fim?

Tambaya: Malam, mu 'yan gidan kallo ne a Fagge. Jiya aka saka mana fassarar wani fim da 'yan bindiga suka ƙwace jirgin shugaban Amurka, shi kuma ya ƙi guduwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya jefo bos daga jirgi. Musu ya kaure: wasu sun ce haka ake horar da shugabanninsu, ni na ce ƙarya ce. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kai ka ci musu, amma ba duka ba.

Fim ɗin da kuka kalla Air Force One ne na 1997, Harrison Ford ne shugaban, Gary Oldman ne bos. Marubutansa sun san mai kallo zai tambayi inda ɗan siyasa ya koyi faɗa, shi ya sa suka mai da shi tsohon sojan da ya yi yaƙin Biyetnam. Wannan dabara ce ta rubutun labari. Ita kuwa 'yar kwalbar tserewa da ya ƙi shiga, wato ɗan ɗakin da ake sakewa daga jirgin don shugaban ya tsira, jirgin gaske, Boeing 747 da aka gyara, ba shi da ita.

A zahiri aikin masu gadi shi ne su ɗauke shugaba daga wurin, ko yana so ko ba ya so. Ranar 30 ga Maris 1981 da aka harbi Ronald Reagan a gaban wani otal a Washinton, dogarinsa Jerry Parr cusa shi ya yi cikin mota kamar buhun masara, ya faɗa kansa. Da ya ga jini a bakin shugaban sai ya ce a juya asibiti. Abin da ya ceci ran Reagan ke nan. Shugaban da ya ɗauki bindiga da gaske, Salvador Allende na Chile, ranar juyin mulkin 11 ga Satumba 1973, bai fito daga fadarsa da rai ba.

To me ya sa ake ta yin irin fim ɗin? A 2013 kaɗai biyu suka fito, Olympus Has Fallen da White House Down, duka a kan mamaye fadar White House. Girkin ɗaya ne: a kulle mutum a wurin da babu mafita, a sa iyalinsa ko abokansa a hannun bos, a bar agogo yana tafiya. Idan mutumin shugaban ƙasa ne, ba sai an ɓata minti ashirin ana bayanin muhimmancinsa ba. Kuma a ganina talaka yana jin daɗin ganin mai mulki da yagaggiyar riga yana haki a bayan kujera, ko ba komai sau ɗaya ya ɗanɗana.

Inda abokanka suke da ɗan kaso shi ne wani abu da wataƙila hayaniyar gidan kallo ta hana ku lura. Ta yaya 'yan bindigar suka sami makamai a cikin jirgin? Ɗaya daga cikin masu gadin shugaban ne ya buɗe musu. A White House Down ma shugaban masu gadin ne ya jagoranci harin. Da ɗan gari akan ci gari, kuma nan ne fim ya fi kusa da gaskiya. Ba sai mun je Amurka ba: ranar 26 ga Yuli 2023 rundunar da ke tsaron Mohamed Bazoum ce ta rufe shi a fadarsa a Yamai, kuma shugabanta, Janar Abdourahamane Tchiani, shi ya hau kujerar. Bazoum bai doki kowa ba. Waya ya riƙa yi da shugabannin duniya daga inda ake tsare da shi.

In an sake saka fim ɗin, ka sa ido kan mai gadin nan tun daga farko, ka ga yadda yake gaisawa da mutane.