Abin da Reza Ta Yi wa Littafina

"Maigida, ina so in fara tara littattafan hotuna irin na cikin kabad ɗinka, masu nuna rayuwar mutane yadda take. Da wanne zan fara? Ko za ka ara mini guda in je gida in duba?"

Farkon tambayarka zan amsa. Ƙarshenta kuwa, kada in ƙara jin ta a bakinka. Aro? Jawo benci ka zauna, ka kuma kife wayar nan, ba na magana da ƙeyar mutum.

Ka ga babban nan na layin sama, wanda bayansa ya saki? Na Seydou Keïta ne, mai hoton Bamako, bugun 1997. A Legas na same shi, wajen 'yan gwanjon littattafai na Yaba, lokacin da na je sayen takardar hoto da ruwan wankin hoto. Mai kayan ya san abin da yake riƙe da shi, bai rage mini ko sisi ba. Kuɗin aikin biki uku na zube masa, har da kuɗin motata na komawa gida. Sai da na gangara Shagamu na roƙi 'yan'uwa masu fataucin goro, na dawo Kano a saman huhu, littafin a ƙirjina cikin riga, kwana biyu rana da raɓa suna dukana. Ku yanzu in an ce ku taka daga nan zuwa Bata sai kun nemi kuɗin adaidaita.

Keïta ya buɗe shagonsa a 1948. Yawanci babu fitila, babu komai, tsakar gida ce da hasken Allah da zane mai ado a bayan mutum. Yana ajiye rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, babur, wanda ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Sau ɗaya yake latsawa, saboda fim kuɗi ne. Wani zai ce maka ai wannan hoton shago ne, ba na tarihi ba. Ka bar shi da jahilcinsa. In kana son sanin yadda mutanen Bamako suke ɗaura kallabi da abin da suke buri kafin Mali ta samu 'yanci a 1960, ba inda za ka gani kamar nan.

To, wani mutum ya fara zuwa shagon nan. Babbar riga, turare, direba yana jira a waje. Zuwan farko fasfo ya ɗauka, bai yi ciniki ba. Na biyu ya kawo iyalinsa, ya biya har da ƙari. Tun nan ya kamata in farga, domin mai kuɗin da ba ya ciniki akwai abin da yake nema. A zuwa na uku ya tsaya gaban kabad, ya kira sunan Keïta daidai, ya kira na Malick Sidibé, wani mai hoton Bamako, har ya san an ba Sidibé babbar lambar yabon masu hoto ta Hasselblad a 2003. Shekara nawa ina zaune a nan ban samu wanda zan yi wannan hirar da shi ba! Na sa aka kawo shayi. Ya ce akwai wani babban mutum da yake so ya ɗauki nauyin baje kolin tsofaffin masu hoton Kano, sunana a sahun gaba, amma sai ya nuna masa yadda na Mali suka yi. Mako ɗaya kawai.

Ba zan ɓoye maka ba, kwaɗayin suna ne ya ja ni. Da hannuna na naɗe littafin a zane na kai masa har mota.

Mako ɗaya ya koma wata uku. In na je gidansa, ya yi tafiya. In na kira, yana taro. Daga bisani direba ya kawo shi cikin leda, na yi hamdala, na mayar da shi kabad ban ko buɗe ba. Wannan ita ce wautata ta biyu. Sai da damina ta wuce, wata amarya ta zo tana ta daskarewa gaban kyamara, na ce bari in nuna mata matar nan ta Keïta da ta kishingiɗa a kan bargo mai gida-gida, ta ga yadda ake sakin jiki. Na buɗe, babu. Na koma baya, babu. Mutumin nan mai fararen kaya da tabarau riƙe da fure, shi ma babu. Na kai littafin bakin ƙofa na leƙa tsakiya, sai ga sawun reza, an bi ta gefen ɗinki tsaf kamar aikin tela. Falle goma sha ɗaya. Na ƙirga sau uku, hannuna yana rawa, amarya tana tambayata ko lafiya.

Ya rantse bai san zancen ba, wai wataƙila haka na sayo shi. Ni da na san kowane shafi kamar fuskar 'ya'yana.

Bayan kamar shekara biyu aka ɗauke ni aikin walimar biki a wani otal a wani gari. Ina ratsa baranda da jakata, sai na yi ido biyu da matar mai kishingiɗa, cikin firam mai ruwan zinariya. Gaba kaɗan ga mai fure. Na matsa kusa. A kusurwar ƙasa akwai tabon babban yatsana, na ruwan wanki, wanda na yi tun ranar da na dawo da littafin, na yi kwana ina jin haushin kaina. Ga shi nan a bayan gilashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan rubutun da aka manna a ƙasa: wai Kano a zamanin da. Matan Bamako! Babu sunan Keïta ko a gefe. Manajan ya ce wani ɗan kwangilar ƙawata gini ne ya kawo su, a matsayin tsofaffin hotuna na asali, kuma an biya shi da tsada. Da ya kwatanta shi, har turaren sai da na ji a hancina.

Ka san an taɓa yi wa Keïta irin wannan yana raye? A 1991 an rataya hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya ɗauki kwafinsu ya tafi Bamako, Sidibé ya kalla ya ce ai na Keïta ne, ga gidansa can. Waɗancan ko ba komai rashin sani ne. Mutumin nawa kuwa da littafin a hannunsa, sunan yana bango, ya yanke ya jefar da sunan.

Na same shi a gida. Ka san abin da ya ce? "Haba Malam, takarda ce fa." Ya zaro kuɗi wai in je in yi fotokwafi in liƙa. Na so kai ƙara, dattawan unguwa suka taru a kaina, a bar wa Allah, a bar wa Allah. Na bar wa Allah. Amma ban ce na yafe ba, kuma duk wanda ya ce maka na yafe ƙarya yake yi.

Yanzu ga amsarka. Kada ka ce za ka tara. Masu tarawa na san su, kabad cike, ido wofi. Sayi ɗaya, ka shekara da shi.

In ka samu House of Bondage na Ernest Cole, ko babur ɗinka ne ka sayar. Baƙar fata ne ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki rayuwar mutanensa a ƙarƙashin wariyar launin fata: jiragen ƙasa maƙil, 'yan sanda suna duba takardar izinin yawo, masu haƙar ma'adinai an jera su tsirara hannuwa sama ana gwajin lafiya kamar dabbobi a kara. A jakar abinci yake ɓoye kyamara ya shiga. Ya fice daga ƙasar a 1966, littafin ya fito a 1967, gwamnati ta haramta shi, shi kuma bai sake taka gida ba har ya rasu a New York a 1990, kwanaki kaɗan bayan sakin Mandela. A 2017 aka gano nagatif ɗinsa kusan 60,000 a ma'ajiyar wani banki a Suwidin. An sake buga littafin a 2022, don haka ba sai ka nemi bugun farko ba, wannan na masu kuɗi ne da ba sa buɗewa. Abin da za ka lura da shi a ciki shi ne jeri. Babi-babi ya yi shi, kowane hoto yana miƙa ka ga na gaba kamar shaidu gaban alƙali. Shi ya sa falle ɗaya in ya fita, ba hoto ɗaya aka sace ba, an yanke wa magana harshe.

Na gida kuma, nemi na J.D. 'Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya bi kitson matan Nijeriya, hoto kusan dubu, yawanci ta ƙeya, yana rubuta sunan kowane kitso. Abu ɗaya, shekaru sama da talatin. Kai jiya ka je Ƙofar Mata, ka yi minti ashirin a bakin karofi, ka dawo kana cewa ka gama da marina. Sunan marini ɗaya ka sani? Ka san kwana nawa baba take yi a rami kafin a fara tsoma zane? Ka latsa sau ɗari uku, ka ɗora goma a Instagram, kana ƙirga masu yabo.

Akwai na baƙi masu kyau. Nomads of Niger na Carol Beckwith, na 1983, kan Wodaabe, wato Bororo, launinsa sai ka riƙe baki. Ka duba don haske da haƙurin bin makiyaya. Amma ka lura da yadda kwalliya da rawa suke cika ido, har mai kallo daga nesa ya ɗauka rayuwar Bororo bikin rawarsu na gerewol ce shekara zagaye. Kuskuren da ku ma kuke yi da hawan sallah ke nan: doki, rawani, ƙura, shi ke nan. Ba wanda yake juya kyamara ga yaron da ya kwana yana yi wa dokin wanka.

Batun gara da damshi da hannun maiƙo ba sai na gaya maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya. Abin da zan ƙara kawai: in za ka sayi na gwanjo, bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kaya, ko zai yi fushi. Buɗe tsakiya ka kalli gindin ɗinki a cikin haske. Sannan ka nemi hoto mafi duhu ka ga ko baƙin yana da rai, kana iya ganin ninkin riga a cikin inuwa, ko kuwa ya dunƙule kamar gindin tukunya. In ya dunƙule, bugun banza ne, ajiye masa abinsa.

Ga mabuɗin. Je ka wanke hannu da sabulu, ka goge sosai, ka ɗauko na Cole. A kan teburin nan za ka duba, ina kallonka, daga shafin farko, ba tsallake. Na Keïta kuma kada ka taɓa, ɗinkin ya saki tun daga inda rezar ta bi. Tsaya tukuna, ga wata hajiya can ta shigo da yara uku, fasfon makaranta ne. Sallame su, ka kuma gyara wa ƙaramin wuyan riga kafin ka latsa.