Amsa kan 'yar kafar iskar da ake yi a saman sabuwar taga a Ingila

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce za ka canza tagogin gidan da ka saya zuwa masu gilashi biyu, mai aikin ya ce dole ya saka maka 'yar kafar iskar nan ta saman firam, kai kuma kana ganin ka biya kuɗi don ka rabu da sanyi, me zai sa a huda maka sabuwar taga. Ni dai na daɗe a gidajen ƙasar nan, na haya da nawa, shawarata ka bari ya saka, ba wayo yake maka ba.

Tun 15 ga Yuni 2022 aka tsaurara sashen F na dokar gine-gine ta Ingila, wato sashen da ya shafi shigar iska cikin gida. In tsohuwar tagar tana da kafar, sabuwar ma sai ta zo da wadda ba ta gaza ta girma ba, in kuma babu to a yawancin gidaje sai an saka, sai dai in gidan na da wata hanyar shigar iska da ta cika ƙa'ida. Falo da ɗakin kwana da kicin kowanne kafa mai girman murabba'in milimita 8,000 ake nema, banɗaki 4,000. Kulle tagar a ɗan buɗe da ake yi da daddare ba ya shiga lissafi. Mai aikin in yana da rajista da FENSA ko Certass, masu yi wa masu saka tagogi rajista, shi ne zai tabbatar aikin ya bi doka a aiko maka satifiket, kuma ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye sai ya tambayi takardar nan. Wanda duk ya ce maka ka sa hannu kawai ka yafe shi kenan, kar ka yarda, sa hannun mai gida ba ya ɗauke dokar. Sikotilan da Wels nasu tsarin daban ne.

Amma ko babu doka ni zan saka, saboda irin zaman da muke yi a gidajenmu. Tsofaffin tagogin katakon nan da kake ƙorafi a kansu, ta gefensu iska ke shiga tana fita ba tare da ka sani ba, ranar da aka sa sabbi masu roba a baki gidan ya zama kamar kular abinci, duk tururin da aka yi yana nan ciki. Mu kuwa akwai tururi wlh, a ɗora nama ya yi ta tafasa, ga tukunyar tuwo, ga wanka da alwala da ruwan zafi na mutum shida bakwai, ga kayan yara an shanya a kan hita saboda waje ba rana, uwargida ta zo ta kunna turaren wuta a kai, ga numfashin masu barci an rufe ƙofa ruf. Ka tashi asuba a watan Janairu ka ɗaga labule ka ga ruwa na tsiyaya a gilashi har ya taru a dakalin tagar. In aka bar shi haka sai baƙin ɗigo-ɗigo ya fara fitowa a robar gilashin da kusurwar silin, ka ja wadrob ka tarar bayansa ya yi baƙi ƙirin, takalmin fata da babbar rigar da aka ajiye don sallah duk sun yi fumfuna suna warin danshi.

Kuma abin ba a kaya ya tsaya ba. Mun ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu na garin Rochdale da ya rasu a Disamban 2020, bincike ya tabbatar daɗewa cikin fumfuna a gidansu ne ya lalata masa numfashi, Allah ya ba iyayensa haƙuri. In kana da mai asma a gida to maganar ta fi shafarka.

Batun sanyi, eh za ka ɗan ji shi ranar da ake iska sosai, amma kafar a sama take kuma tana da marfi, ka rufe na ranar ka sake buɗewa. Abin da nake gani a gidajen 'yan'uwa shi ne a liƙe ta da salatif tun Oktoba sannan a zo ana ƙorafin bango ya yi baƙi. In gidanka a bakin babban titi yake ka ce a sa maka mai rage ƙara, ta fi tsada kaɗan. Ka riƙa goge ta da tsohon buroshin haƙori don ƙura da yanar gizo-gizo na toshe ta.

Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, fankar zuƙe iska ta kicin da ta banɗaki su riƙa aiki lokacin girki da wanka har bayan an gama, in kuma danshin daga rufi ko bango yake shigowa to wannan gyara ne daban. Kafin ka ba da kafin alƙalami ka sa ya rubuta maka a takardar farashi girman kafar da zai sa a kowane ɗaki, da cewa satifiket na cikin kuɗin.