Verdicchio: da wane abinci ake haɗa ta?

Tambaya: Salam yaya, ni sabon weta ne a wani gidan abinci a Ancona, ƙasar Italiya, kullum kwastomomi sai sun tambaye ni abincin da ya dace da wata farar giya wai ita Verdicchio, ni kuma ba na sha, sai dai in tsaya ina kallon oga. Don Allah a taimaka.

Amsa: Ƙanena kwantar da hankalinka, ba sai ka kai ta baki ba kafin ka iya aikinka. Abu ɗaya za ka riƙe, Verdicchio tsami ne da ita, kuma aikin tsami shi ne yanke maiƙo. Ka ga yadda ake matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi sai ka ji maiƙon ya kwanta? To aikin da take yi a bakin mai sha ke nan, duk abincin da ka san zai so lemon tsami to zai karɓe ta.

Ita dai 'yar gida ce a inda kake, inabin yankin Marche ne, sunan ma daga "verde" aka samo shi wato kore, in ka ɗaga kofin a haske za ka ga ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗan kore a ciki. Masu sha suna cewa a ƙarshe tana barin ɗan ɗaci irin na almon. Iri biyu za ka fi gani, akwai ta Castelli di Jesi da ke tsaunukan kusa da teku, sai ta Matelica can ciki a kwari inda dare ke da sanyi, shi ya sa tsaminta ya fi kaifi. Kwalbar nan mai ƙugu kamar tulu da aka san Verdicchio da ita kuwa kamfanin Fazi Battaglia ne ya fito da ita a 1953.

Abinci kuma sa'a ka yi, kusan duk abin da Ancona ke taƙama da shi daga teku yake fitowa. Fritto misto, wato soyayyun ƙananan kifi da jatan lande, nan kam ko shawara ba ka yi. Moscioli na Portonovo, abin ruwan nan mai baƙin kwanso, shi ma haka. Olive all'ascolana, zaitun da ake cusa wa nama a soya, maiƙo ne da shi sosai don haka tsamin yana masa kyau, ni wannan haɗin na fi ba baƙi shawara in sun zauna suna jiran babban abinci.

Inda sabbin weta ke yawan kuskure shi ne abinci mai nauyi. Brodetto, farfesun kifin nan na Ancona, da stoccafisso all'anconetana wato busasshen kifi da ake dafawa da dankali da tumatir da man zaitun, ƙarfinsu yana danne 'yar sabuwar kwalba har mai sha ya ji kamar ruwa yake kurɓa. A nan ka duba wadda aka rubuta Superiore ko Riserva, ta fi jiki, ita ce ma ke tafiya da gasasshiyar kaza.

Kar ka haɗa ta da kek ko wani kayan zaƙi, zaƙin zai sa tsamin ya yi yawa. Abinci mai barkono da yawa ma giya ƙara masa zafi take yi. Wanda ya yi odar jan nama kuma ka nuna masa jar giya, Rosso Conero tana nan ita ma ta Ancona ce.

Sai maganar sanyi, digiri 8 zuwa 10 ya ishi sabuwa, Riserva kuwa ka ciro ta daga firij ta ɗan huta ta kai kamar 12, don sanyi in ya yi yawa rufe ƙamshin yake yi.