Tsidugu da ɓerayen sitonmu: amsa ga ɗana na Kano

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har sau biyu. Ka ce ka ga bidiyon da ƙanenka ya tura zauren zumunci na WhatsApp, wani ɗan farin kare yana zagaya buhunan masara a sitona, yara na ihu suna kiran sunansa, sai gabanka ya faɗi. Ka ce, "Baffa, ashe zaman Kamaru har ya kai ku ga kiwon kare irin na Turawa?" Ban ji haushi ba ko kaɗan. Wanda bai damu da kai ba gani zai yi ya yi shiru, ya je ya ba wasu labari. Tunda ka tambaya, zauna ka sha bayani.

Ka san kakana daga Kano ya taso da fatauci, ya biyo ta Yola, ya sauke kaya a nan Garwa bakin kogin Binuwai, bai sake komawa ba. Mu jikokinsa mun tashi ne a garin da Fulatanci ke tafiyar da kasuwa, Faransanci ke tafiyar da makaranta da ofis, Hausa kuwa sai cikin gida da masallacin unguwa da wajen 'yan uwanmu 'yan kasuwa. Jikata sai da ta iya cewa rawaandu kafin ta iya cewa kare. Maƙwabtanmu akwai Fulani, akwai Barebari, akwai Fali da Mundan da Tupuri, akwai mutanen kudu da aikin kamfanin auduga ya kawo, akwai kuma waɗanda suka ƙetaro daga Chadi. Da yawansu suna da karnuka, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri tun yana ƙarami yake koyon tambaya: wannan abin da muke gudu, addini ne ya hana, ko dai ba mu saba ba ne? A Kano ba lallai tambayar ta taso ba, don kowa a layinku tafiyarsa ɗaya. Mu nan kullum sai ta taso.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, ni kuwa ɓeran ne ya koro ni. Sana'ata hatsi. Da kaka nakan sayi masara da gyaɗa da dawa a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi da ƙauyukan wajen Ngong, in ajiye har bazara. Wata shekara na buɗe jerin buhunan da ke jikin bango, na tarar duk ƙasansu a huje, gyaɗa ta zama ɓawo da kashin ɓera, ga zarnin fitsari kamar ya kori mutum. Na sa guba, kajin gida suka tsattsaga suka mutu. Na kawo mage, ta kama ɗaya ta ci ta hau buhu ta yi barcinta. Gafiya kuwa, wadda wata takan haura kilo guda, mage ko kallonta ba ta yi.

Ana haka wani abokin cinikina, wanda ke yi wa wani Bafaranshe girki a sansanin mafarauta da ke kusa da gandun dajin Binuwai, ya ce karyar maigidansa ta haihu ana neman masu riƙo. Kyauta aka ba ni, ko sisi ban biya ba, kuma na so hakan saboda hadisin da ya hana cin kuɗin kare. Ya kawo shi cikin kwali, ɗan mitsitsi, fari fat sai ɗigon ja a kunne da gefen ido. Ran nan ya ciji igiyar takalmin ɗana ya ƙi saki, uwargida ta ce wannan ai tsidugu ne, ƙarami sai yaji. Sunan da ya bi shi ke nan.

Wannan irin, Turawa suna kiransa teriya. Yaranmu masu Faransanci ba su sha wahalar gane sunan ba, don a wannan harshe da kalmar ake kiran ramin da zomo ko yanyawa ke haƙawa. Wato karen rami. Namu na reshen da ake ce wa Jack Russell ne, sunan wani limamin coci na yankin Devon a Ingila, wanda aka haifa a 1795 ya mutu a 1883, mutum mai tsananin son farauta. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata 'yar farar karya a hannun wani mai sayar da madara, daga ita ya fara fitar da irin da yake so: ƙarami yadda zai bi yanyawa cikin raminta, mai zuciya yadda ba zai ja da baya a duhu ba, mai yawan haushi domin maharbi ya san inda yake a ƙarƙashin ƙasa, fari kuma don kada a ɗauke shi yanyawar idan ya fito. Nauyinsa bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba. Ka san karnukan 'yan farautar nan naku da ake lodawa a mota da rani, dogayen ƙafa, siraran ciki? Su gudu aka yi su dominsa. Wannan kuwa kutse da naci. Idan ka riƙe wannan, duk wani abin mamaki da yake yi za ka ga inda ya samo shi.

Bari in ba ka yadda aikin yake. Ranar da za mu juya buhuna, sai a rufe ƙofar sito, a toshe magudana da tsumma. Tsidugu yakan tsaya cak, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, kai a karkace, jikinsa na rawa kamar mai zazzaɓi. Kafin mu taɓa komai ya riga ya nuna mana buhun, yana hura hanci a ƙarƙashinsa yana wani ɗan kuka siriri. Yaro na ɗagawa, ɓera na fitowa, sai ka ji ƙas. Ya cafke shi a wuya, ya girgiza kai sau biyu da ƙarfi, ya yar, ya juya kan na gaba. Ba ya ci, ba ya wasa da shi. Wannan girgizar ita ce makaminsa, kuma ko tsumma ka jefa masa haka zai yi da shi. Ranar da ya haɗu da gafiya ta farko, ta tsaga masa leɓe, jini na zuba, amma bai sake ta ba sai da ta daina motsi. Mushen ba na barin yara su taɓa da hannu, da shebur ake kwashewa a binne. Ku da kuke jin labarin zazzaɓin Lassa kowane rani kun fi mu sanin dalili.

Sai dai wannan halin da ke yi mini amfani a sito, shi ne ke tayar mini da hankali a gida. Tono kam ba a magana. Zafin Garwa a watan Maris da Afirilu yakan haura maki 40, ƙasa ta yi kamar kasko. Shi kuwa ya gano cewa gindin randa da laima. Wata rana bayan azahar muka ji ruuum, muka fito muka tarar randar babba a kife ta rabe biyu, ruwa ya malale, shi kuma yana kwance cikin ramin da ya haƙa, cikinsa a laka, harshe a waje. Tun daga ranar na ware masa wani lungu ƙarƙashin dalbejiya, ake yayyafa ruwa da rana, can yake haƙa abinsa. Idan ka ba shi ƙashi ba zai ci nan take ba, sai ya kai can ya binne, ya tura ƙasa da hanci, ya fito hancinsa buɗu-buɗu.

Ƙadangare kuwa abokin gabarsa ne na har abada. Zai iya yin awa guda a gindin katanga yana kallon wanda ke gyaɗa kai a sama, yana tsalle har kusan ƙirjin babban mutum. In an yi masa wanka, da zarar an sake shi sai ya zabura ya yi ta zagaya fili kamar an sa masa wuta a bindi, sannan ya je ya yi birgima a turɓaya ya ɓata wankan. Kafin ya kwanta sai ya juya sau uku ko huɗu a wuri ɗaya. Bai kuma san girman jikinsa ba: karen maƙwabcinmu ya ninka shi uku, amma shi ke fara tsokana. Abin da ya fi ba ni tsoro maciji ne. Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, kuma irin wannan kare ba ya ganin abu na motsi ya kauce. Da damina ba na barin a kai shi cikin ciyawa.

Ya taɓa jawo mini abin kunya. Yaro ya manta ƙofa a buɗe, ya fita ya faɗa kan 'yan tsakin wata maƙwabciyarmu, tsohuwa, ya kashe guda shida cikin ƙiftawar ido. A wurinsa duk ƙaramin abu mai gudu ɓera ne. Na je da kaina na durƙusa na ba ta haƙuri, na biya, na ƙara mata da kaza mai ƙwai. Laifin namu ne, ba na dabba ba. Na kuma gane cewa in ya kwana biyu bai yi aiki ba, shi ne yake neman fitina, ya tauna takalmi, ya yi ta haushi ba dalili. Shi ya sa ɗana ke fita da shi a igiya bayan asuba, kafin ƙasa ta ɗau zafi ta ƙona masa tafin ƙafa.

Yanzu ga abin da na san shi ne ainihin damuwarka. Ban kawo shi ba sai da na je wurin malaminmu na zaure. Ya karanta mini hadisin da ya ce wanda ya riƙi kare ladansa na raguwa kullum, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba ne. Ya ce tsaron amfanin gona a inda aka ajiye shi, malamai da dama sun haɗa shi da wannan. Ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa da guminsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don najasa ba. Ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da kuke karantawa, wanda katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, da aka ce masa Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki mai cizo zai ajiye. Amma malam bai tsaya nan ba. Ya karanta mini hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, ya ce in kiyaye.

To haka muka tsara, kuma haka yawancin Hausawan nan masu kare suke yi, ko a Garwa ko Marwa ko Ngaundare. Kare ba ya shiga ɗakin kwana, ba ya taka inda ake salla, ba ya kusantar buta da tabarma. Kwanonsa daban, ba ya haɗuwa da na gida ko wajen wanke-wanke. Sito na da ƙofarsa ta waje da ɗan filinsa, can yake kwana. Ba a rungumarsa, ba a barin ya lashi fuskar yaro. Wanda ya yi wasa da shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Ba duka jama'armu suka yarda da hakan ba. Akwai dattijon da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, har gobe yana ganin bari ya fi, kuma idan zai zo wurina nakan sa a ɗaure Tsidugu a bayan sito don girmama shi. Bai taɓa ce mini na bar hanya ba, ni ma ban taɓa ce masa ya tsananta ba.

Abin da ba na yarda da shi, a nan ko a can wajenku, shi ne jifan kare don kawai shi kare ne. Mun tashi muna ganin yara na bin kwikwiyo da duwatsu manya na kallo. Alhali duk mun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Tunda na ɗauko shi, haƙƙinsa na wuyana. Yana cin ragowar tuwo da kan kifin da ake kawowa daga madatsar Lagdo, amma ba a ba shi abin da ke da albasa, don tana lalata wa kare jini, mu kuwa nan albasa ba ta yanke mana. Guba na daina sawa gaba ɗaya, kada ya ɗauki ɓeran da ya ci ta. Ana cire masa kaska duk mako, ana kuma kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, takardar tana cikin akwatina. Wannan ba wasa ba ne: a Njamena, da aka yi wa karnukan gari allura a 2012 da 2013, cutar ta lafa sosai na wani lokaci. Kai ma ka riƙe wannan, in kare ya ciji wani a gabanka, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Irinsu sukan kai shekara 13 zuwa 16, shi kuwa yanzu yake cikin ta huɗu, don haka in Allah Ya kawo ka bikin ƙanwarka bayan salla za ka same shi. Ka biyo ta Yola, in ka ƙetaro ka kira ni in turo a ɗauke ka. Zan sa a ɗaure shi ranar da ka sauka. In ka huta, ranka ya so, sai mu je sito ranar juya buhuna ka tsaya daga bakin taga, gani ya kori ji. Ka gaishe mini da mahaifinka da kyau, ka ce masa zumar da ya yi saƙo tana nan an ajiye masa.